Godiya da ban haƙuri bayan Baba ya kammala kemo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Talatar da ta wuce aka yi wa mahaifinmu ƙarin ruwa na shida, wanda shi ne na ƙarshe a kemo, wato maganin kansa, da likitoci suka tsara masa. Hajiya ce ta sa ni in rubuta wannan a madadin gida, domin waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu sun riƙa jin labarin rabi da rabi. Ciwon Baba kansar furostet ce, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ya daɗe yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare, yana cewa tsufa ne. Sai da ciwon baya ya hana shi zaman shago a Kantin Kwari aka yi gwajin jini na PSA, mai nuna alamar ciwon furostet, aka ɗebi nama, aka yi hoto, aka ga ta riga ta taɓa ƙashin baya da ƙugu. An fara masa allurar Zoladex a fatar ciki, wadda ke danne sinadarin maza da kansar ke samun ƙarfi da shi, sannan aka haɗa masa da docetaxel, wanda shi ne kemo ɗin.

Shi docetaxel ta jijiya ake sa shi, kamar awa ɗaya ya ƙare, sai kuma bayan kwana 21. Kafin kowane zama sai an duba jini, sai kuma ya sha ƙwayar dexamethasone don kada jiki ya yi bore ko ya tara ruwa. Ranar da likita ya gaya masa asalin maganin daga ganyen wata bishiya ce ta ƙasar Turai, Baba cewa ya yi, "Ashe su ma ganye suke ba mu, nasu dai ya fi tsada." Tsadar kuwa gaskiya ce. A nan nake gode wa abokan kasuwancinsa na layinsu, da suka haɗa kuɗin zama biyu suka aiko ba tare da sun bari ya san wa ya ba da nawa ba, da Kawu da ya sayar da filinsa bai yi shawara da kowa ba. Allah Ya mayar muku da ninkinsa.

Kamar mako uku da farawa, ina zuba masa ruwan alwalar asuba, ya shafa gemu sai ga gashi cike da tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in kawo reza. Daga baya farce ya yi duhu, yatsun ƙafa suka riƙa yi masa dindiris, tuwo da miyar kuka da yake so ya ce ƙarfe yake ji a baki. Ƙanwarmu ce ta gano kunun gyaɗa mai tsamiya yana shiga, ta ɗauki damunsa kullum har aka gama.

Sai ban haƙurin. Maganin yana karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, kuma sun fi yin ƙasa wajen mako guda bayan kowane ƙarin ruwa. A kwanakin nan mura kaɗai tana iya kwantar da mutum. Shi ya sa muka tare mutane a zaure, har da dattawan da suka taso daga Gwammaja da Fagge, har da aminan da suka yi shekara arba'in suna majalisa ɗaya da shi. Na san abin da hana dubiya yake nufi a garin nan, kuma ni ne na tsaya a ƙofar. Wanda ya ji zafi, don Allah ya yafe mini. Haka waɗanda suka kawo sassaƙe da jiƙo, mun karɓa da hannu biyu, amma likita ya hana haɗa komai da kemo, mu kuma muka bi.

Bayan zama na uku muka ga dalilin. Wajen ƙarfe 2 na dare jikinsa ya ɗau rawa, ma'aunin zafi ya haura 38, iyakar da aka ce in ta kai kada a jira gari ya waye. Maƙwabcinmu ya fito da jallabiyar barci ya tayar da mota, bai bar asibiti ba sai da aka ɗaura ruwan maganin ƙwayoyin cuta. Kwana biyar muka yi. Likitoci da nas-nas da suka duba shi, musamman wadda ke kiransa "Babana" tana lallaɓa jijiyar da ta ƙi samuwa, Allah Ya saka da alheri.

Ba mu ce an warke ba. Likita ya gaya mana tun farko cewa idan ta kai ƙashi, danne ta ake yi. PSA ya sauka sosai, ciwon bayan ya yi sauƙi, yana sallah a tsaye. Za a ci gaba da allurar ciki duk wata uku da gwajin jini, don haka muna nan muna baran addu'a.

Daga mako mai zuwa ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Mai tari ko mura dai ya ɗan dakata tukuna. Baba ya ce a gaya wa 'yan majalisa kada wanda ya zo hannu rabbana, gurasa da tsire yake so.