An ce na koma bola jari a Ingila

Maganar ta iso ni ne ta bakin ƙanwata, a saƙon murya, tana ƙoƙarin danne dariya. "Yaya, wai Kawu ya ce wa Inna ka jingine takardunka ka koma bola jari a Ingila." Ni dai ban ga abin dariya ba.

Hoto ne ya jawo. Na ɗauki ɗakin da nake aiki na tura zauren iyali na WhatsApp: amfilifaya a jere kan kanta, garmaho biyu, lasifikoki a jingine da bango, ga mita da abin narka dalma a kan tebur. Na zaci za a ce masha Allah. Kawu da ya duba, tarkace ya gani. Kuma a duk duniya ya rasa wanda zai kai wa labarin sai Inna, wadda ko ƙafata ta yi ciwo a nan sai ta kwana ba ta runtsa ba a can.

Matata ce ta samu aikin jinya, ni na biyo bayanta a kan bizarta. Wannan ma na sha gori a kansa, ba sai na faɗi sunan da ake kira na da shi ba. Na karanta injiniyancin lantarki, amma a nan kowane kamfani tambayarsa ɗaya, ina ka taɓa aiki a cikin ƙasar nan. Sai na kama aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, ina ɗaga kwalaye. Ranar Lahadi da sassafe kuma in tafi irin kasuwar nan da suke ci a fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baza abin da ya gaji da shi. A nan na ga wata baƙar amfilifaya mai ƙura, NAD 3020, a ƙarƙashin tebur kusa da takalman yara. Matar ta ce ta mijinta ce, ya rasu, kuma gefe ɗaya ba ya magana. Na biya abin da ta ce ban rage ko kwabo ba. A gida na buɗe ta, na ga dalma ce ta saki a bayan ramin da ake soka waya. Na gyara, na wanke makunnan da ke ƙarar-ƙarar, na sa ta a gwanjon eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet. Kuɗin da ta kawo ya fi na aikin dare biyu.

Ashe wannan ƙaramar aba, da ta fito a 1978 da ƙarfin wat 20 kacal a kowane gefe, tana cikin amfilifayoyin da aka fi saya a tarihi, kuma har yau akwai dattawan da ke nemanta ido rufe. Haka Technics SL-1200, garmahon da aka fara yi a Japan a 1972, aka fitar da samfurin MK2 a 1979, aka daina ƙera shi a 2010, sannan aka dawo da shi a 2016 saboda mutane sun ƙi haƙura. Haka amfilifayoyin Quad 33 da 303 na 1967, da garmahon Rega Planar 3, da garmahon Linn Sondek LP12 da ake yi a Sukotlan. Kawu bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya yanke hukunci.

Sa farashi shi ne rabin sana'ar. Sabon shiga yakan duba abin da wasu suka rubuta a jikin kayansu ya ce to nawa ma haka ne. Wannan kuɗin buri ne kawai, wani kayan zai shekara a rataye da farashin ba wanda ya taya. Akwai wurin da ake latsawa ya nuna kayan da aka riga aka sayar da ainihin abin da aka biya. Shi nake dubawa, in cire mafi tsada da mafi araha, in tsaya a tsakiya, sannan in tambayi kaina gaskiya: nawa ya kai waɗannan kyau? Ƙarzuwa ɗaya a fuska tana rage kuɗi. Kwalin asali da littafin bayani da rimot suna ƙarawa. Lasifikar da soson bakinta ya ruɓe, ko rikodar kaset da bel ɗinta ya narke ya zama kwalta, ko amfilifayar da kafasitocinta suka bushe tana gurnani, kowace da matsayinta. Wani abin mamaki, akwai masu sayen da suka fi son a ce ba a taɓa buɗe na'urar ba, ko da tana da 'yar matsala, a kan a ce wani ya canza mata kayan ciki. In na yi gyara sai na rubuta abin da na cire da abin da na sa, har da hoto. Sai kuma wuta. Ta Ingila bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka shigo da ita daga can, in ba ta da makunnin sauya wuta, dole ka rubuta da manyan baƙaƙe, in ba haka ba wani ya jona ta ta yi hayaƙi ya dawo kanka.

Kuma zai dawo. Mai saye yana da kwana 30 ya ce kayan ba kamar yadda aka kwatanta ba ne, kuma galibi shi ake saurara. Don haka duk aibin da na sani sai na faɗa, in ɗauki lambar jikin na'urar, in ɗauki bidiyonta tana aiki. Wannan bai yi min wuya ba, da shi aka raine mu. Baba, Allah Ya jiƙansa, ba ya sayar da ko akuya bai faɗi aibinta ba.

Gwanjon kansa ne ya fi ba ni wahalar sabawa. Kana iya sa shi ya yi kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Wasu suna farawa daga kwabo 99 don jama'a su taru, wasu su sa wani ɓoyayyen kuɗi da in ba a kai shi ba babu ciniki, amma wannan sai ka biya, kuma masu saye ba sa son sa. Ni nakan fara daga abin da in an tsaya a kansa ba zan yi kuka ba, in saita ya ƙare daren Lahadi lokacin da kowa ke gida. Mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, kwamfuta ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, wanda ya yi nasara kuma ya biya ɗan abin da ya ɗara na mai bi masa. Saboda haka gwanaye ba sa motsi sai daƙiƙun ƙarshe. Kwana shida kana kallon kayanka a kuɗin da bai kai na kwali ba, mutum arba'in sun sa ido ba wanda ya ce uffan, cikinka na ƙugi. A minti na ƙarshe lambobi su fara tsalle, kafin ka ƙifta ido an rufe. Ba ka ga fuskar kowa ba. Ba wanda ya kushe kayan don ka kare su, ba wanda ya tafi ka kira shi ya dawo, kai ma ba ka samu bakin cewa albarka ba. Inda aka tsaya nan ka sallama, ka so ko ka ƙi. Ranar da wani garmaho ya ninka abin da na yi tsammani, na miƙe tsaye a falo ina neman wanda zan faɗa wa. Matata tana aikin dare, a gida kuma an yi barci. Na koma na zauna na fara neman kwali.

Wani ɗan'uwa da muke sallar Juma'a tare ya ce in ba shi lambar kayana ya riƙa tayawa da nasa asusun don farashi ya hau. Na ce masa dokar dandalin ta hana, suna rufe asusun mutum a kan haka, kuma tun kafin a ƙirƙiri eBay a 1995 Annabi (SAW) ya hana najashi, wato ka taya abin da ba saye za ka yi ba don ka ruɗi wani. Ya ce na cika tsanani. Wannan labarin ne nake so Kawu ya ji, shi da yake ganin kamar na zubar da mutuncin gida.

Ɗaure kaya wani aikin ne daban. Garmaho sai an cire farantinsa da nauyin da ke bayan hannun, a ɗaure hannun, a rufe allura, a naɗe murfin shi kaɗai, kwali cikin kwali. Duk da haka wani kamfanin kai kaya ya taɓa mayar min da amfilifaya kamar an wurgo ta daga bene, suka ce ba sa biyan diyyar irin wannan kayan. Tun daga nan masu nauyi nakan rubuta a zo a ɗauka da hannu. Haraji ma ina biya, tunda cinikin ya wuce fam 1,000 da hukumar haraji ta HMRC ta yafe a shekara, kuma tun 2024 dandalin da kansa yake miƙa musu bayanan duk wanda ya sayar da kaya 30 ko fiye. Ina da lambar haraji, ina da littafin shiga da fita.

Masu zuwa ɗauka da hannu su ne hirata a garin nan. Yawancinsu tsofaffi ne, su zo da faifansu a hammata, su zauna a kujerata su rufe ido suna saurare. Wani da ya zo sayen lasifika ya shafe fiye da awa yana ba ni labarin LS3/5A, wata 'yar ƙaramar lasifika da injiniyoyin BBC suka tsara don motocinsu na ɗaukar shiri a waje, wadda yanzu tsohuwarta ta fi sababbi da yawa tsada. Na ce masa ai BBC tana magana da harshenmu tun 1957, kuma mahaifina bai taɓa barin shirin safe ya wuce shi ba. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya tambaye ni wace irin rediyo Baba yake da ita, na buɗe baki na ga siffarta kawai na sani: rigar fata mai ruwan ƙasa, eriya da aka ɗaure da waya, da wurin da babban yatsansa ya cinye fentin makunni.

Da ya tafi na kira gida. Inna ba ta kawo maganar Kawu ba, ni ma ban kawo ba. Ta tambayi sanyi, ta tambayi mai ɗakina, ta ce, "Sana'ar dai halal ce ko?" Na ce halal ce, Inna. Ta ce to Allah Ya yi albarka, ta miƙa wa ƙanina wayar. Shi kuma kuɗin makarantar yara ya tuna min, da rufin ɗakin baya da ke yoyo, da bikin 'yar Kawun nan dai da za a yi bayan Sallah, wanda aka riga aka rubuta sunana a cikin masu ɗaukar nauyi ba tare da an tambaye ni ba. Na ce zan turo. Na turo kuwa.

Na roƙe shi ya nemo min rediyon Baba ya ɗauki hoton bayanta inda lamba take. Ya ce tana cikin akwatin Inna, kuma ba ta barin kowa ya taɓa. Na ce ba sayarwa zan yi ba, so nake in san sunanta kawai. Ya ce zai gwada in ta tafi unguwa. Na ce ko ba komai a cire batiran da ke ciki, don in suka daɗe suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen, kuma irin wannan ɓarnar ita ce ta fi wuyar gyara. Ya ce to, Yaya. Saƙona na tuni yana nan da alamar an karanta, hoto bai zo ba, batiran ma bai ce an cire ba.