Shiga Barbados da fasfon Najeriya: abin da ke hana mutane tafiya

Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza don ziyartar Barbados, tsibirin da ke yankin Karibiyan. Amma jami'in shige da fice a filin jirgin Grantley Adams ne ke buga maka kwanakin da za ka yi, kuma zai nemi tikitin komawa, adireshin masaukinka da shaidar kuɗin kashewa. Akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa a intanet cikin awa 72 kafin isa. Ka ajiye takardar da zai fitar a wayarka.

Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10, saboda haka kar ka bari sai ana jibi tafiya.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne hanya. Idan za ka bi ta Landan, yawanci sai da bizar wucewa ta Ingila, ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. In kuma za ka sauka filin jirgin Heathrow ka tashi daga na Gatwick, wata bizar ce daban, domin dole ka ratsa shige da fice. Amurka kuwa ba ta barin mai fasfon Najeriya ya wuce ba biza. In ba ka da bizar da ake buƙata, kamfanin jirgi zai tsayar da kai tun daga Legas ko Abuja.

Kar ka sa wando ko hula mai zanen kakin soja a jakarka, ko na yara ne. Dokar Barbados ta haramta wa farar hula sa su.