Godiya Bayan Bikin Yaye Ɗalibai

Alhamdu lillahi, an yi bikin yaye ɗaliban makarantarmu ta koyon sana'a, an tashi lafiya. Kwamitin shirye-shirye yana gode wa iyaye, malamai da duk wanda ya bar hidimarsa ya zo.

Godiya ta musamman ga sashen kafinta da sashen ƙira. Allunan tunawa da aka raba wa masu fita, ƙannensu ne suka ƙera su a ɗakunan aikin makarantar, kuma aiki ne mai cin rai. Sai da aka bar katakon ya bushe, danshinsa ya koma ƙasa da kashi 12 cikin 100, domin ɗanyen katako kan lanƙwashe ya tsage bayan 'yan watanni. Aka goge shi da samfefa mai lamba 120, aka bi da 220, sannan aka shafa man sheƙi sau 3, kowace shafa sai ta kwana. Wanda ya yi gaggawar ƙarawa a kan wadda ba ta bushe ba, fuskar allon za ta tattare. Tagullar da ke ɗauke da suna an lulluɓe ta da man kariya marar launi, don haka busasshen ƙyalle ya isa gogewa. Maganin goge ƙarfe yana cinye kariyar, tagullar ta yi baƙi.

Tsofaffin ɗalibai kuwa, bakinmu ya yi kaɗan. Ku kuka buɗe akwatuna kuka fito da hotuna, takardun shaida da zanen injina na hannu, irin na kafin zuwan kwamfuta. Da su aka shirya baje kolin tarihin makarantar, tun tana koyar da kafinta, gini da walda kaɗai har aka buɗe sashen lantarki da na gyaran mota. An yi sikanin kowace takarda a kan dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, an mayar wa mai ita.

Roƙonmu, kada a yi wa tsohuwar takarda laminatin, da zafi da gam ake manna shi, kuma ba ya ciruwa. Salatif ma yana barin tabon da ba ya fita. A rubuta suna da shekara a bayan hoto da fensir mai taushi, ban da biro, tawadarsa tana ratsawa.

Akwai hotunan da har yanzu ba a gane mutanen cikinsu ba, suna ɗakin karatu. Wanda ya san wata fuska ya taimaka ya sanar da kwamiti. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a sana'ar yaranmu.