Talata: Kwalbatin Bakin Layi da Naira 20,000

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai gab da kiran assalatu, kuma da na fito zuwa masallaci na tarar da abin da na san zan tarar. Bakin layinmu ya koma tafki, kwalbatin da ya rufta tun daminar bara ya toshe hanya gaba ɗaya, ruwan kuma ya juyo ya shiga zauren Ladan har ya jiƙa masa tabarmi da buhun gero guda. Ni da Auta muka naɗe ƙafar wando muka tsallaka, takalma a hannu. Bayan an sallame, Mai'unguwa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce in zo da littafi gidan Alhaji bayan la'asar, domin yau ce sadakar uku, kuma ya samu labarin cewa kansila zai zo gaisuwa.

Littafin da yake nufi shi ne na karo-karon unguwa, wanda aka ɗora mini riƙonsa shekara huɗu da suka wuce saboda ni malamin makaranta ne, ana kyautata zaton ba zan ɓata lissafi ba. Tunda muna hutu, na zauna da shi bayan karin kumallo ina buɗe shafukansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai gyaran taransifoma, akwai injin rijiyar burtsatse har sau biyu, akwai tifa uku ta jar ƙasa da muka zuba a gaban makarantar allo, akwai kuma ɗan abin da muke ba 'yan sintiri duk ƙarshen wata. Shafin ƙarshe na kwalbati ne. Gida 46 ne a layin, an yanka wa kowane gida naira 5,000, gida 29 sun biya, abin da ke hannu ya kama naira 145,000. Magini kuwa ya ce siminti da rodi da yashi da tsakuwa da ladan aiki ba za su yi ƙasa da naira 410,000 ba, kuma ya ce in aka ƙara wata biyu kada a riƙe shi da wannan lissafin. Gida 17 da suka rage na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai aƙalla goma da ba zan iya buga musu ƙofa ba, domin na san sau nawa ake ɗora tukunya a cikinsu.

Sai na shirya maganata kamar mai shirya darasi, har da rubuta ta a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Zan fara da cewa kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya jera gina titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun hanya da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Daga nan zan tuna masa cewa ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnonin jihohi 36, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi. Zan rufe da tambaya ɗaya tak, wato nawa ne ya shigo ƙaramar hukumarmu a watan jiya, kuma nawa aka ware wa mazaɓarmu. Na karanta wa Uwargida, ta ce ya yi kyau, ta kuma ce in tuna cewa gidan makoki za ni.

Kawu ya biyo da rana ya ci tuwo tare da mu. Da ya ji abin da nake shiryawa sai ya yi dariya, ya ce shi kwalbati bai dame shi ba, a fara gaya masa yadda zai fitar da kuɗin taki da na man injin ban ruwa daga shanshera da farashinta ya faɗi tun da aka ɗage harajin shigo da shinkafa daga waje. Ya ce a 2015, da Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma, har ma'aikatan gwamnati sun koma fadama, yanzu kuwa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai injin ban ruwa ya fi mai mota kuka. Ban ja da shi ba, domin gonarsa ce, shi ya san abin da ya zuba mata.

Bayan la'asar a gidan Alhaji, an yi addu'a an shafa, ana raba goro da dabino, sai ga motar kansila. Abin da ya sa aka zaɓe ni in yi magana shi ne na koyar da shi lissafi a aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare, kuma har yau in ya gan ni ba ya miƙa mini hannu a tsaye. Haka ya yi yau ma. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarmata, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafiya? Ya haƙuri?" Na amsa, Mai'unguwa ya yi gyaran murya ya ce Malam yana da magana a madadin jama'a.

Na fara da kyau. Na faɗi halin kwalbatin, na nuna Ladan da ke zaune a gefe a matsayin shaida, na kawo jadawali na huɗu, na kawo hukuncin kotu da ranarsa da watansa. Yana saurare kansa a sunkuye kamar lokacin da yake aji. Da na kai ga tambayar kuɗi sai ya ɗago ya ce, "Malam, wallahi wanga kuɗi da kuke ji a rediyo, ni ma a rediyo nike jin su. In na ce muku na taɓa riƙe takardar kason wata da hannuna, na yi ƙarya. Albashina nika amsa, shi ma kafin ya kwana uku ya ƙare." Ya ce kullum kafin ya fito sallar asuba akwai mutum biyar ko shida a ƙofar gidansa, wannan da takardar magani, wannan matarsa ta haihu, wannan an koro ɗansa saboda kuɗin jarrabawa, kuma a cikin shekara guda da ya yi a kujerar nan ni ne mutum na farko da ya tambaye shi lissafin kaso. Ya ce maganar kwalbati ya kai ta zauren majalisa sau biyu, an ce a rubuto, an rubuto, an ce tana cikin kasafin baɗi.

Daga nan ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro kuɗi, ya ƙirga naira 20,000 a gaban jama'a, ya ajiye a kan littafin da ke cinyata da hannu biyu, ya ce, "Malam, ga wannan daga aljihuna, a yi haƙuri, ba yawa." Wurin ya ɗauki kabbara. Wani daga baya ya ce ai dama an san shi da alheri tun yana yaro. Ni kuwa, da takardata a naɗe a aljihu da tambayar da ban samu amsarta ba, sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya saka da alheri, Honarabul, Allah ya ƙara ɗaukaka." Yaron da na sha kora waje saboda bai yi aikin gida ba, yau na kira shi Honarabul, na kuma yi masa godiya da murya mai ƙarfi domin na baya su ji.

Wannan godiyar ce ta hana ni sakewa tun daga lokacin har yanzu da nake rubutu. Ba na zarginsa da ƙarya, domin na san gidansu, na kuma ga motar da ya zo da ita, wadda sai da yara suka tura ta kafin ta tashi. Kuɗin ma muna bukatarsu, sun kai mu naira 165,000. Abin da ke cina shi ne na je neman haƙƙi na dawo da kyauta, kuma ni da kaina na sa wa cinikin albarka. Da ya ce bai san nawa ya shigo ba, kamata ya yi in ce to mu tafi tare mu tambaya, tunda shi wakilinmu ne, kuma kujerar da yake kai an yi ta ne domin ya sani. Maimakon haka na bar naira 20,000 ta rufe maganar, kamar yadda buhun shinkafa da atamfa suke rufe ta a lokacin zaɓe, abin da na sha zagin mutane a kansa a wannan shafin. Masu karɓar atamfa aƙalla yunwa ce hujjarsu. Ni kunya ce ta kama ni, kunyar a ce Malam ya tsananta wa ɗalibinsa a gidan mutuwa bayan yaron ya durƙusa masa, kuma ya yi abin da ya fi na kowa a layin.

Na kuma tuna cewa ranar zaɓen ƙananan hukumomi na 2024, wanda jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 21 da na kansila 225 duka a jihar nan ta Kebbi, ban fita ba. Na ce an riga an san sakamako, na zauna gida ina gyaran keken Auta. Har yanzu ina ganin ban yi kuskure a hasashen ba, amma yau da nake tsaye a kan maganar wakilci sai na ji ƙafata ba ta taka ƙasa sosai. Wanda ya san ba ƙuri'ata ce ta kai shi kujera ba, me zai sa ya ɓata da waɗanda suka kai shi saboda kwalbatina? Idan kuɗin suka fara sauka kai tsaye gobe, a hannun waɗannan mutanen za su sauka, kuma mu ɗin nan ne za mu tsaya a gabansu, mu da muka saba cewa Allah ya saka da alheri. Hukuncin kotu ya faɗi inda kuɗi za su bi, bai koya wa kowa yadda ake kallon ɗan unguwarsu a ido a ce masa kawo lissafi ba.

A hanyar dawowa Ladan yana ta murna, yana ba ni labarin babban titin Sakkwato zuwa Badagry da ake shimfiɗawa da kankare, mai tsawon kilomita 1,068, wanda kilomita 258 daga ciki a Kebbi suke. Ya ce ƙanensa ya samu aikin gadi a wurin. Ina son titin nan, kuma duk wanda ya taɓa bin motar albasa ko ta shanu zuwa Legas ya san amfaninsa. Sai dai na kasa daina lissafin cewa simintin da zai gyara bakin layinmu bai kai abin da ke zubewa a ƙasa a wuni ɗaya a wurin wancan aikin ba. Ban faɗa masa ba, domin shi ne ruwa ya shiga wa zaure, kuma shi ne ke murna.

Wuta ta zo da magariba ta tafi kafin isha'i.

Bayan isha'i Mai'unguwa ya kira ni a waya ya ce dattawa sun ga ya dace a rubuta wa Honarabul takardar godiya a madadin unguwa, kuma a sanar da gudummawarsa a masallaci gobe da asuba domin masu hali su yi koyi. Tunda ni ne mai littafi, ni zan rubuta, ni zan karanta. Na ce to, ranka ya daɗe. Uwargida tana jin mu, da na ajiye wayar ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ta ci gaba da tsince wakenta.

Na rubuta takardar godiyar da hasken fitilar waya, layi biyar, babu ƙarya a cikinta. Sannan na ciro wata farar takarda na sake rubuta wasiƙar neman gyaran kwalbati zuwa sakateriya, karo na uku ke nan, amma wannan karon na ƙara sakin layi ɗaya ina neman a nuna mana a rubuce inda aikin yake a cikin kasafin da aka ce yana ciki, na kuma bar gurbin sa hannu biyu a ƙasa, nawa da na kansila. Ban san ko zai yarda ya sa ba, kuma ban gaya wa Mai'unguwa ba tukuna. A littafi kuwa na daɗe ina duban shafin, domin layukan duka na gidaje ne, shi kuma ba a layinmu yake zaune ba, har dai na rubuta kuɗin a can ƙasa su kaɗai da kwanan wata.

Hadari ya sake haɗowa daga gabas. Na taso Auta mun cika buhuna huɗu da yashin maginin, mun jera biyu a ƙofarmu, biyu a ƙofar Ladan, kuma sai na tuna in gaya wa maginin da safe ya cire su daga lissafi.