Filafilin katako da kafaɗata

Shekara uku na yi ina tuƙa kayak, wato ɗan siririn kwalekwale da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, da filafilin zamani, mai faɗin baki da ɗan lanƙwasa kamar cokali. Ban taɓa ganin aibinsa ba sai da kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Duk ranar da na haura awa uku a kan ruwa, washegari ko ɗaga hannu sama aiki ne. Baki mai faɗi yana cafko ruwa da yawa a lokaci guda, kuma kafaɗa ce ke ɗaukar nauyin, sau dubbai a yini.

Wani abokin tuƙi ne ya ara mini filafilin gargajiya na mutanen Inuwit na Girinlan, wani babban tsibiri mai ƙanƙara a can arewacin duniya. Dogon katako ne siriri, faɗin bakinsa bai wuce abin da hannu zai damƙa ba, wajen santimita 8 ko 9. Asali da itacen da teku ke korowa gaɓa suke sassaƙa shi, su liƙa ƙashi a kan bakin don kada ƙanƙara ta cinye shi.

Ranar farko raina bai kwanta da shi ba. Ina ja, yana karkarwa a cikin ruwa, yana jan iska yana kumfa, jirgin kuwa kamar an ɗaure shi. Ashe riƙon zamani nake yi masa. Abokin nan ya gyara mini hannu: babban yatsa da manuni su zagaye ƙota, sauran ukun su kwanta a kan gindin bakin, gefen bakin na sama ya ɗan karkata gaba. Nan take karkarwar ta ɗauke. Yana shiga ruwa shiru, nauyin ja yana zuwa a hankali maimakon fizga. Na yi sati biyu kafin hannu ya saba, amma tun daga nan nakan wuni a kan ruwa in kwana lafiya.

A iska ma ya burge ni. Na zamani galibi ana murɗa bakunansa biyu su saɓa wa juna don rage tokarar iska, sai wuyan hannu ya riƙa juyawa a kowane ja. Wannan kuwa sirantarsa kaɗai ta wadatar.

Yana da nasa cikas. Ruwa na gangarowa har hannu, tunda ba shi da zoben roba mai tarewa. A wuri marar zurfi dogon bakin ba ya nutsewa duka, sai ka ji yana bugun dutse. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi kuma, ana so ja biyu su fitar da kai daga hatsari, nan mai faɗin baki ya fi. Masu tsere ma ba sa waiwayarsa, nasu mai siffar fiffike ne, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin a shekarun 1980.

Yanzu da duka biyun nake fita. Na katako a hannu, na zamani a rabe gida biyu, a ɗaure ƙarƙashin igiyar saman jirgi, sai na hango duwatsu nake ciro shi.