Na je Dundee neman cocin Mary Slessor

Tun ina bautar ƙasa a Kalaba, ranar da na tsaya kan kabarin Mary Slessor, 'yar mishan daga Sikotilan, a Duke Town, na ƙudura a raina sai na ga ikilisiyar da ta rene ta. Da karatu ya kai ni Edinbara, wata Asabar na shiga jirgin ƙasa zuwa Dundee. Muna kan gadar kogin Tay na leƙa ta taga, sai ga kututturan tsohuwar gadar da ta rufta da jirgi a 1879 suna nan tsaye cikin ruwa. Gabana ya faɗi.

Na gangara unguwar Cowgate, inda Cocin Wishart yake a zamaninta. Ana sujada a bene, ƙasa kuwa gidan giya ne, shi ya sa mutanen gari suka laƙaba wa ginin "Aljanna da Wuta". Nan Slessor, yarinyar da ta shiga masaƙa tana da shekara 11, take zuwa, har ta tashi zuwa Kalaba a 1876. Amma yau ba ikilisiya a wurin.

Abin da ya faru yana da tsawo. Tun 1733 wasu suka ɓalle daga Cocin Sikotilan, saboda mai gonaki ne ke naɗa wa jama'a fasto, su kuwa suka ce zaɓen fasto hakkin ikilisiya ne da dattawanta. A 1847 manyan rassa biyu na waɗanda suka ɓalle suka haɗe, suka zama United Presbyterian, kuma a ƙarƙashinta Wishart take lokacin Slessor. A 1900 wannan ta haɗe da Free Church, mai irin wannan ƙorafi tun 1843, aka samu United Free. A 1929 akasarinsu suka koma gidan da kakanninsu suka bari, don tuni an soke wancan naɗi a 1874. Daga baya jama'a suka watse daga tsakiyar gari, kujeru suka yi yawa, sai a shekarun 1970 aka haɗa mutanen Wishart da maƙwabtansu, suka ƙare a Cocin Steeple.

Can na nufa. Doguwar hasumiya ce ta dutse tun ƙarni na 15, kantunan Overgate sun kewaye ta ta gefe uku. A bakin cocin akwai dutsen tunawa da Slessor da aka kafa a 2015, shekara 100 da rasuwarta.

Wata dattijuwa ta tarar da ni ina shafa rubutun tagullar da ke jikin dutsen, ta tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce kakarta 'yar Wishart ce, kuma har ta rasu ba ta taɓa kiran kanta da wani suna ba. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, don ni ma a ikilisiyar da kakana ya ɗauko wa tubali a ka aka yi mini baftisma.

Ta ce, "Ɗana, shigo ka sha shayi, sanyin nan ba naku ba ne." Na bi ta ciki.