Daga Kolon zuwa Farankfot ta bakin kogi

Daren Juma'a muka zauna ni da maiɗakina muna duba taswirar Jamus a waya, shayi na hucewa. Ni na so mu bi babbar hanyar A3, kusan kilomita 190, awa biyu mun isa Farankfot. Ita kuwa ta ce a'a, mu bi ta Koblenz, mu kama hanyar B9 da ke bin gefen kogin Rhine har Bingen. Na yi ta gardama kan lokaci, daga baya na bi shawararta.

Wallahi da mun yi asara. Tsofaffin fadoji a kan duwatsu, gonakin inabi rataye a gangare, jiragen dakon kaya na tafiya a hankali cikin ruwa. Daura da dutsen Loreley muka tsaya, muka shimfiɗa sallaya a ciyawa muka yi Azahar, iska mai sanyi tana kaɗa mayafinta.

Dawowarmu Lahadi ce, kantuna a rufe kamar yadda aka saba a Jamus, shi ya sa tun Asabar ta sayi burodi da ruwa ta zuba a bayan mota.